Cemba ko jami'a? Shawara nake nema kan koyar da shari'ar ci gaba mai ɗorewa da al'amuran mata

Ummu Hanan:
Assalamu alaikum 'yan zaure, don Allah shawara nake nema musamman daga manyanmu da suke koyarwa. Shekara biyu kenan ina aiki a cemba, wato ofishin lauyoyi, tun da aka rantsar da mu lauyoyi, to sai ga malamata da ta duba min kundin digirin farko ta kira ni wai akwai gurbin ƙaramar malama a tsangayarsu, in zo in yi mastas in zarce digirin digirgir a fannin da take, wato shari'ar ci gaba mai ɗorewa da al'amuran mata, su mallakar ƙasa da ruwa da muhalli da yadda doka take shafar mace a cikinsu. Gaskiya raina na son abin. Bara mun samu wata shari'a, wata baiwar Allah mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu da gona, aka zo za a yi hanya ta bi ta gonar, da aka tashi biyan diyya sai aka biya wanda sunansa ke takarda, ita da ta shekara goma sha tana noma wurin ko zaman tantancewar ba a kira ta ba. Har yau abin bai bar raina ba. Amma ogana yace in na tafi jami'a na binne kaina a laburare kenan. Wai ita wannan hanyar yaya take ne daga farko zuwa ƙarshe, kuma tsakani da Allah rubuce-rubucen nan suna canza wani abu a rayuwar irin wannan matar?

Baristan Kotu:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni dai a ganina ogan naki bai yi ƙarya ba. Shekarata goma sha huɗu ina shiga kotu, ban taɓa ganin alƙali ya ɗage zama don ya je ya karanta maƙalar wani farfesa ba. Matar nan da kika ambata abin da take buƙata shine lauyan da zai ruga ya shigar da ƙara ya nemo umarnin dakatar da biyan diyyar kafin kuɗin su fita, ba mai zama ya rubuta shafi arba'in a mujallar da mutum goma ne za su buɗe ta ba. In tausayin matan nan ne ya dame ki to ki tsaya inda kike, ki ware shari'a biyu ko uku a shekara ki yi musu kyauta, wallahi ladan ma ya fi kusa.

Anti Dakta:
Ummu Hanan 'yata, bari in fara da yadda hanyar take tunda ita kika fara tambaya, maganar Barista zan dawo kanta.

Mastas shekara ɗaya zuwa biyu ne, wannan ba shine wahalar ba. Digirin digirgir a takarda shekara uku ko huɗu ake cewa, amma in kina koyarwa kina yi, ga gida ga yara, ki sa ran biyar ko shida kada ki yaudari kanki. Kuma ki sani tun yanzu ba darasin fanninki kaɗai za a ba ki ba, ƙaramin malami shi ake jibga wa manyan azuzuwa, ki koyar da dokar kwangila ko dokar ƙasa ga ɗalibai ɗaruruwa, ki yi makin takardunsu, ki duba kundin 'yan ajin ƙarshe, a saka ki kwamitin jarabawa, shi kuma binciken naki sai dare ko lokacin hutu. Ƙarin girma kuwa ba da yawan koyarwa ake samunsa ba, da wallafa ne, maƙala a mujallar da ake tura aikin ga masana biyu ko uku su tantance ba su san sunanki ba ke ma ba ki san nasu ba. Maƙalata ta farko wata goma sha huɗu ta yi a hannun wata mujalla, da amsa ta zo layi shida ne, wai aikin bayani ne kawai babu wata hujja sabuwa. Na yi kuka a ofis na rufe ƙofa, bayan sati biyu na sake karantawa na ga gaskiyarsu ce, na lissafo dokoki ne kawai ban faɗi me ya hana su aiki ba. Daga ƙaramin malami zuwa malami, zuwa babban malami, zuwa mataimakin farfesa, zuwa farfesa, kowane mataki da adadin wallafar da ake nema, kuma na ƙarshen sai an aika ayyukanki waje wasu farfesoshi sun duba.

Shi kuma fannin kansa ki san cewa ba doka ɗaya ba ce da za ki haddace. Kalmar ci gaba mai ɗorewa ta yi ƙarfi ne daga rahoton kwamitin Gro Harlem Brundtland a 1987, ma'anar da suka bayar ita ce biyan buƙatun mutanen yau ba tare da an tauye wa na gobe damar biyan nasu ba. A taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan muhalli da aka yi a Rio a 1992 ƙa'ida ta 20 ta fito ƙarara tace sai da cikakken shigar mata za a cimma hakan. Kafin nan akwai yarjejeniyar CEDAW ta 1979, ta kawar da nuna wa mata bambanci, wadda sashe na 14 ɗinta kacokan kan matan karkara ne, rance, ruwa, wuta, da rabon ƙasa in gwamnati ta tashi sake fasali. Sai yarjejeniyar Maputo ta 2003 kan haƙƙin matan Afirka, sashe na 19 ya kira shi da sunansa, haƙƙin mace na ci gaba mai ɗorewa, har da samun ƙasa da iko a kanta. Sai muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17 na 2015 da na biyar ɗinsu yake kan mata. To aikinki shine ki ɗauko waɗannan manyan maganganu ki bi su har ƙasa, ki ga a ina suke yankewa tsakanin takardar da aka sa wa hannu da fom ɗin diyyar da bai da gurbin sunan matar gida.

Ummu Hanan:
Anti na gode sosai Allah ya ƙara girma. Wannan na fom ɗin wallahi shi ne ya faru, gurbi ɗaya ne a jiki, sunan mai gona, shikenan.

Abu Safwan:
Ni fa ina da ja a nan, kuma da kyakkyawar niyya nake faɗa. Wannan kalmar ta jinsi da ake ta yayatawa ba a banza take zuwa ba, ana fara wa da gona da ruwa a ƙare da abin da addini bai yarda da shi ba. Ita kanta CEDAW ɗin ƙasashe da yawa sun sa hannu ne tare da togaciya a wasu sassan, Amurka ma da take ta wa'azi har yau ba ta tabbatar da ita ba. Mu Musulunci ya ba mace gado da dukiyarta ta kanta tun ƙarni na bakwai, aya ta 7 a Suratun Nisa'i ta yanke magana, maza suna da rabo mata suna da rabo kaɗan ne ko mai yawa, rabo yankakke. Me za a je a koyo kuma? 'Yar uwa ki yi hattara kada ki wayi gari kina rubuta abin da masu ba da kuɗin bincike suke son ji.

Anti Dakta:
Malam Abu Safwan, Allah ya gafarta malam, maganarka ta ƙarshe gaskiya ce kuma zan bar wa Maman Iman ita don ta fi ni sani. Amma ta farkon ka ba ni dama. Ayar da ka kawo ai ita ce hujjar yin binciken. Nassi ya ba ta, to ta karɓa? Lokacin da nake tattara bayanan kundina na zauna da wata dattijuwa, ta ɗauke ni muka zagaya gona da ƙafa, tana nuna min iyaka itace bayan itace, wannan ita ta dasa shekarar da ta haifi na biyu, wancan kwarin nan ne ruwa yake kwanciya shi ya sa ba ta sa iri a wurin sai an yi ruwa uku. Babu taƙin da ba ta sani ba. Na tambaye ta rabonta na gadon mahaifinta, tace an raba an faɗa mata, amma yana hannun yayanta yana juya mata, shekara ashirin da biyu. Ba ta taɓa sayar da ko kwano ɗaya daga amfanin wurin da ra'ayin kanta ba, kuma da aka kawo shirin rance ga manoma ba ta samu ba don ba ta da takardar da za ta nuna. Wannan ba Bature ne ya hana ta ba, ba kuma addini ba ne. In babu wanda ya je ya zauna ya ƙirga irinta ya rubuta, kullum za a ce ai doka ta ba su, a rufe maganar.

Kuma in mutanenmu masu sanin fiƙihu suka guje wa fannin, wa kake so ya yi magana a ciki? Akwai Farfesa Azizah al-Hibri da ta koyar da shari'a a jami'ar Richmond a Amurka, ta kafa ƙungiyar Karamah a 1993, aikinta daga cikin nassi take kafa hujjar haƙƙin mace. Sannan a shari'ar madatsar ruwan kogin Danube tsakanin Hungary da Slovakia a 1997, alƙali Christopher Weeramantry ɗan Sri Lanka, wanda shi ma tsohon malamin jami'a ne, da ya zo bayanin asalin ci gaba mai ɗorewa a ra'ayinsa na daban bai tsaya a Turai ba, ya kawo tsoffin madatsun ban ruwa na ƙasarsu, ya kawo shari'ar Musulunci cewa ƙasa ta Allah ce ɗan Adam riƙon amana yake yi. A kotun duniya fa. Mutumin da ya yi shekaru yana karatu ne kaɗai zai iya wannan.

Abu Safwan:
Na ji Anti, wannan na dattijuwar kam zalunci ne ba ja, kuma muna ganin irinsa. Ni dai sharaɗina ta san inda za ta tsaya.

Maman Iman:
Toh tunda Anti ta jefo min ƙwallo bari in faɗi nawa, ni na bi hanyar nan har na gama digirin digirgir na koyar shekara bakwai sannan na bari na koma aikin ƙungiya, don haka na ga ciki na ga waje. Ummu Hanan abu biyu ne ba a faɗa wa mata a farko. Na ɗaya lokacin da ake so ki fi wallafa shine daidai lokacin da kike haihuwa da goyo, abokan aikinki maza da kuka fara tare za su wuce ki da maƙala biyar shida ba don sun fi ki kai ba, kawai su suna da daren da za su zauna, ni babi na huɗu na kundina da hannu ɗaya na buga shi ɗayan yana riƙe da jaririya, kuma kwamitin ƙarin girma ba ya tambayar wannan, lissafi kawai yake yi. Ki zauna da maigida tun yanzu ku yi magana ta gaskiya, ba irin ta ai ba komai Allah ya ba da sa'a ba, wa zai riƙe yara in kin tafi tattara bayanai na wata biyu, in aka samu gurbin karatu a waje za a tafi tare ne ko yaya.

Na biyu shine abin da Malam ya taɓo. Binciken fili kuɗi yake ci, mota, masu taya ki hira, masu fassara, kuma jami'a ba kasafai take da su ba, sai ki nemi tallafi daga waje, su kuma masu tallafin kowace shekara da kalmar da suke yayi, bana sauyin yanayi, baɗi makamashi, sai ki ga malami yana canza rigar bincikensa duk shekara yana bin inda kuɗi suke, bayan shekara goma ba shi da abu ɗaya da za a ce shi ne gwaninsa. Ga kuma aikin tuntuɓa, a ba ki sati uku ki rubuta wa wata hukuma rahoto, kuɗinsa ya fi albashinki na watanni, in ba ki yi hankali ba shi zai cinye ki, rahoton kuma a saka a durowa. Na taɓa rubuta wani da aka dawo min da shi aka ce in sassauta sakin layin da ya nuna cewa matan da aka tasa daga wurin aikin ba a biya su ba, na ƙi, ba su sake kirana ba. Ki riƙe tambaya ɗaya taki ta kanki, kuɗi su zo su same ki a kanta.

Ɗan Aji Huɗu:
Manya ku yi haƙuri in sa baki. Barista yace ba a karanta aikin jami'a a kotu, to ni abin da ya ƙarfafa min gwiwa shine ra'ayin shawara da kotun duniya ta bayar kan sauyin yanayi a watan Yulin 2025, asalin abin fa ɗaliban shari'a ne na jami'ar Kudancin Pasifik a Vanuatu suka fara shi a 2019 daga aji, gwamnatin Vanuatu ta ɗauka, babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince a tura tambayar a Maris 2023. Sannan a Afrilun 2024 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ba ƙungiyar tsofaffin matan Suwizalan gaskiya a kan gwamnatinsu, hujjarsu ita ce tsananin zafi ya fi yi wa tsofaffin mata illa, kuma da binciken masana suka tabbatar da hakan. Abin da ya ban mamaki ma kotun ta karɓi ƙarar ƙungiyar amma ta ƙi ta mata huɗun da suka shigar a ɗaiɗaikunsu.

Baristan Kotu:
Ɗan Aji Huɗu ka yi karatu Allah ya yi albarka, amma ra'ayin shawara sunansa shawara, ba ya tilasta kowa. Bari in kawo muku wanda ya fi kusa da maganar Ummu Hanan. Shari'ar Magaya a Zimbabwe, 1999. Venia Magaya ita ce babbar 'ya, mahaifinta ya rasu, aka fara naɗa ta magajiya, ƙaninta da suke uba ɗaya ya ƙalubalanta, kotun ƙoli alƙalai biyar babu wanda ya saɓa suka ba shi, saboda tsarin mulkin lokacin ya keɓe dokar gargajiya daga haramcin nuna bambanci. Ta rasa gidan. Kuma Zimbabwe ɗin nan a lokacin tana cikin wuraren da aka fi yin karatun shari'ar mata a nahiyar, ga masana ga rubuce-rubuce. Me suka hana?

Anti Dakta:
Yawwa Barista, na ji daɗi da ka kawo Magaya don da ita nake buɗe darasi duk shekara. Ka manta abu ɗaya. Kafin a yanke wannan hukuncin majalisar Zimbabwe ta riga ta gyara dokar rabon gado a 1997, ta ba matar mamaci da 'ya'yansa mata rabo, abin da ya cuci Venia shine mahaifinta ya rasu kafin gyaran ya fara aiki. Kuma wannan gyaran bai faɗo daga sama ba, binciken da ƙungiyar masana shari'ar mata ta kudancin Afirka, WLSA, ta yi kan gado a farkon shekarun 1990 ya taimaka, su ne suka shiga ƙauyuka suka gano cewa abin da iyalai suke yi a zahiri ya bambanta da abin da aka rubuta a littattafan kotu da sunan al'ada, sau da yawa iyali suna barin gida a hannun wanda yake kula da marayu ne ko mace ce. Lauya a kotu ba shi da lokacin wannan, shi shari'a ɗaya ce a gabansa. Venia ta yi asara kuma abin da ciwo, amma waɗanda iyayensu suka rasu bayan gyaran ba su bi ta wannan ƙofar ba.

Sai ka duba Afirka ta Kudu a 2004, shari'ar Bhe. Yara mata biyu ƙanana, ubansu ya rasu ba wasiyya, aka naɗa kakansu magaji, shi kuma yana shirin sayar da filin da suke zaune don biyan kuɗin jana'iza. Kotun tsarin mulki ta soke ƙa'idar cewa babban namiji kaɗai ke gado, kuma in ka buɗe hukuncin za ka ga cike yake da ambaton rubutun malaman jami'a kan bambancin al'adar da ke takarda da wadda mutane suke rayuwa da ita. To ka ga alƙalai suna karantawa, ba dai a kotun da kake zuwa kullum neman ɗage zama ba, a can sama ne inda ake sauya ƙa'idar kanta. Lauyoyi ne suka shigar da ƙarar Bhe, ban musa ba, amma harsashin da suka harba wasu ne suka shekara suna ƙera shi.

Indiya ma haka, gyaran dokar gadon Hindu na 2005 da ya ba 'ya mace haƙƙi daidai da ɗa namiji a dukiyar gidan, har da ƙasar noma, Bina Agarwal malamar jami'a ce, masaniyar tattalin arziki ba ma lauya ba, ita ta jagoranci fafutukar bayan shekaru tana bincike kan mata da ƙasa. Kuma sai a 2020 kotun ƙolinsu ta warware saɓanin ko haƙƙin ya shafi wadda mahaifinta ya rasu kafin 2005. Shekara goma sha biyar tsakani. Haka tafiyar take, a hankali, wanda ba shi da haƙurin wannan gara ya tsaya a cemba kuma ba laifi ba ne.

Baristan Kotu:
Na karɓi na 1997 ɗin Anti, ban san da shi ba. Amma har yanzu ina nan kan cewa cikin malamai goma da wuya ki samu biyu da suke zuwa gona irin yadda kika je, sauran daga wannan taro sai wancan taro a otal.

Anti Dakta:
Wannan kam ba zan kare su ba, akwai su da yawa.

Maman Iman:
Ummu Hanan in kina son ganin inda hanyar take iya kaiwa ki duba tarihin Farfesa Patricia Kameri-Mbote ta Kenya. A jami'ar Nairobi ta fara karatun shari'a, ta yi mastas a Warwick a Ingila, ta yi karatun shari'ar mata a jami'ar Zimbabwe, ta gama digirin digirgir a Stanford a 1999, ta koma gida ta ci gaba da koyarwa har ta zama farfesa ta riƙe shugabancin tsangayar shari'a, tana cikin waɗanda aka yi wa tambayoyin neman kujerar alƙalin alƙalan Kenya a 2021 lokacin da Martha Koome ta samu, kuma ta zama daraktar sashen shari'a na hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, wadda hedikwatarta take Nairobi. Abin da nake so ki lura da shi shine tun farko har yau a kan ƙasa da muhalli da mata take, ba ta yi ta tsalle ba. Kuma ta riƙe rigar lauyarta, tana da muƙamin babbar lauya. Haka Edith Brown Weiss ta jami'ar Georgetown, da ta yi suna kan adalci tsakanin mutanen yau da na gobe, daga baya ta shugabanci kwamitin Bankin Duniya da ke sauraron koken mutanen da ayyukan bankin suka cutar, irin matar gonarki kenan in aikin na bankin ne. Amma kar in ruɗe ki, waɗannan su ne suka kai ƙololuwa, mafi yawanmu a aji da ofis muke ƙarewa, abin da za mu nuna shine ɗalibai. Ni ɗalibata ɗaya yanzu tana aikin tsara doka a wata majalisa, ta kira ni tace ta saka gurbin sunan miji da mata duka a daftarin rajistar filaye saboda wani darasi da muka yi kan yadda Habasha da Ruwanda suka yi rajistar haɗin gwiwa. Ko daftarin zai wuce ban sani ba tukuna, yana kwamiti.

Ummu Hanan:
Kai jama'a na gode, na karanta komai sau biyu. Tambaya ɗaya ta rage Anti, dole ne sai na ajiye aikin kotu gaba ɗaya? Don maganar Barista ta tsaya min, bana so in zama mai magana kan matan da ban ƙara gani ba. Sannan batun kundin, malamata tace in kawo shawarar take, ni kuma abin da na rubuta shine ci gaba mai ɗorewa da haƙƙin mata a dokokin duniya, yanzu da na ji ku sai nake ganin ya yi faɗi.

Anti Dakta:
Ya yi faɗi ƙwarai 'yata, wannan taken mutum ɗari sun rubuta shi kuma dukkansu abu ɗaya suka faɗa. Takenki yana cikin fayil ɗin matar nan. Wa doka take ɗauka mai haƙƙin diyya in gwamnati ta karɓi ƙasa don amfanin jama'a, mai takarda ko mai noma, kuma me yake faruwa da matan da suke amfani da ƙasar ba da sunansu ba. Ki ɗauki aiki ɗaya ko biyu da aka riga aka biya diyya, ki nemo jerin waɗanda aka biya, ki ƙirga mata nawa ne, ki je ki nemo waɗanda suke noma wurin kafin a tashe su ki ji ina suka koma, da me suke ci yanzu. Sai ki dawo ki ɗora dokar karɓar ƙasa da dokar tantance tasirin muhalli a kai ki ga ta wace kafa suka zube. Ki nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike kafin ki fara hira da kowa, ki ɓoye sunayensu, kuma fayil ɗin cemba sirrin mai ƙara ne kada ki taɓa shi sai da yardarta a rubuce.

Batun kotu kuma ya danganta da ƙa'idar jami'ar da dokar ƙasar, wasu suna barin malamin shari'a ya ci gaba da aikin lauya wasu sun taƙaita, ki tambaya a rubuce kafin ki karɓi takardar aiki. In ma an hana, ki tambayi ko tsangayar tana da asibitin shari'a, inda ɗalibai suke karɓar koken marasa ƙarfi kyauta ƙarƙashin kulawar malami, ki nemi a saka ki a can tun shekarar farko. Sannan ki tambayi tsofaffin ɗaliban malamar taki shekara nawa suka yi kafin su gama kuma kwana nawa babi yake yi a teburinta, son da take miki daban, duba kundi daban.

Baristan Kotu:
In wannan taken za ki yi to ni ma ina so in karanta. Ina da shari'o'in diyya uku da aka riga aka yanke, hukuncin a buɗe yake kowa zai iya nema a rajistara, zan turo miki lambobinsu ta akwatin sirri. A biyu daga ciki matan ko shaida ba a kira su ba.

Abu Safwan:
Ki haɗa da babi kan haƙƙin wanda ya raya ƙasa a fiƙihu, malamai sun yi magana mai yawa a kan ihya'ul mawat da haƙƙin amfani, zai ƙarfafa miki hujja. In kina buƙatar inda za ki duba ki yi min magana.

Ummu Hanan:
Insha Allah Malam, zan nema. Barista ina jiran lambobin. Anti zan sake rubuta taken a daren nan in turo miki ki duba min kafin in kai wa malamata ranar Litinin, kuma gobe zan kira matar in ji ko za ta yarda mu zauna, don tun da aka rufe fayil ɗin ban san ma inda ta koma da yaran ba.